Bayan Ruwa Ya Janye: Kare da Kyanwar da Aka Bari a Baya

Idan ambaliya ta wuce, mutane sukan koma gida su fara lissafi. Ɗaki nawa ya rushe, rumbu nawa ruwa ya ci, shanu da awaki nawa suka ɓata. Lawan yana rubutawa, masu kawo agaji ma suna rubutawa. Amma akwai waɗanda ba sa shiga littafin kowa: karen da ke gadin gida, da kyanwar da ke tsaron rumbu.

Mutanen bakin kogin Logon da na Shari sun san wannan hali. A shekarar 2012 ruwa ya yi ɓarna a arewacin Kamaru, daga Garwa har zuwa Maga. A 2022 ya sāke zuwa, ya ci unguwanni a Yagwa da Kuseri da Njamena, har gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. A 2024 kuma ya dawo da ƙarfi. A irin wannan dare, uwa tana goye da jariri, uba yana ɗauke da tsohuwa, kwalekwale ya cika maƙil. Ba wanda zai ga laifinsu don sun bar kare a baya, gama ran mutum shi ne gaba. Abin tambaya shi ne, bayan ruwa ya janye, yaya za mu yi da waɗannan dabbobi?

Me ya kawo asibiti cikin maganar kare?

Wani zai ce, "Malama, mutane ba su da wurin kwana, ke kuwa kina zancen kare?" Amsar ita ce, zancen kare zancen 'ya'yanmu ne.

Karen da ya rasa gidansa ba ya zama wuri ɗaya. Yunwa takan kore shi zuwa inda yake jin ƙanshin abinci, wato makaranta ko majami'a ko tudun da mutane suka yi sansani. Can yakan haɗu da karnukan wasu ƙauyuka waɗanda bai taɓa gani ba, su yi faɗa a kan mushe da juji, su cicciji juna. Can kuma yara suke wasa, suna riƙe da ƙosai ko guntun rogo a hannu. Ruwa ba ya haifar da ciwon haukan kare, amma yakan tara karnuka da yara a ƙaramin fili ɗaya. Idan akwai mai cutar ko guda ɗaya a cikinsu, hanya ta buɗe mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum goma da cutar ke kashewa, kamar huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukansu kuwa daga kare suka samo ta. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Takan shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya kawai, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa da iska, to babu asibitin da ke da maganinta. Kafin nan kuwa, allura tana hana ta sarai.

Kyanwa ma tana da nata amfanin. Bayan ambaliya ɓeraye sukan bar ramukansu su shigo inda aka ajiye ɗan hatsin da ya tsira. Suna ci, suna ɓata saura da kashi da fitsari. Fitsarin ɓera a cikin ruwan da ya kwanta yana ɗauke da wata cuta mai kawo zazzaɓi da shawara, har takan taɓa ƙoda. Gidan da ya dawo da kyanwarsa ya dawo da mai gadin rumbu.

Kisa ba ya kawar da cutar

Idan karnuka suka yi yawa a sansani, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne a bi su da sanduna, ko a sa musu guba. Wannan ba ya kawo ƙarshen cutar. Karen da ya fi sauƙin kamawa shi ne na gida, wanda ya saba da mutane, wataƙila ma an yi masa allura. Idan an kashe shi, juji yana nan, mushe yana nan, sai wasu karnukan da ba a san asalinsu ba su zo su maye gurbinsa. Guba kuma ba ta zaɓe. Takan kashe kaji da ungulu, takan kuma kai hannun yaro.

Abin da ke aiki shi ne allurar rigakafi. Idan an yi wa kare bakwai cikin kowane goma allura a gari, cutar takan rasa inda za ta bi. An gwada wannan a Njamena a 2012 da 2013. Aka bi unguwa unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta, har aka wuce bakwai cikin goma. Bayan haka aka yi watanni ba a sami mahaukacin kare a birnin ba. Da cutar ta dawo, masu bincike sun gano cewa daga waje aka shigo da ita.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, allura tana aiki a ƙasarmu, da irin karnukanmu. Na biyu, ɗaukar kare daga wani gari zuwa wani ba tare da allura ba, ɗaukar cuta ne. Saboda haka ceton dabba yana da ƙa'ida. Tausayi kaɗai bai isa ba.

Yadda za a kusanci dabbar da ta firgita

Wannan aikin manya ne. Kada a aiki yaro, ko da karen gidansu ne. Karen da ya yi kwanaki a kan jinka ko a kan tudu, ba ci ba sha, yana iya cizon ubangidansa saboda tsoro.

Ku fara tsayawa daga nesa ku dube shi. Idan yana tafiya daidai, yana kallonku, yana sunkuyar da kai ko yana kaɗa wutsiya, sai ku jefa masa ɗan abinci ku ja baya. Kada ku zura masa ido, kada ku yi ihu, kada ku kewaye shi. Ku dawo gobe a daidai wannan lokaci. Sau da yawa a kwana na biyu ko na uku shi da kansa zai biyo ku. Idan za a sa masa igiya, a ɗaura zarge a bakin doguwar sanda, don hannu ya yi nisa da bakinsa. Karya mai 'yan kwikwiyo ta fi kowa zafi, don haka kada a taɓa 'ya'yanta kafin ta saba da mai kawo mata abinci.

Kyanwa ba a kama ta da hannu tsirara. A sa abinci cikin kwando mai murfi, ko a lulluɓe ta da tsohon bargo a saka ta ciki. Yakushinta ma yana iya sa cutar.

Akwai dabbar da ba a kusanta ko kaɗan. Ku lura da waɗannan alamu: miyau yana dalala, muƙamuƙi ya saki baki yana buɗe, murya ta sāke, yana cizon itace da duwatsu, yana kai wa kowa hari ba dalili, yana tangaɗi, ko ƙafafun baya sun mutu. Ba kowane mahaukacin kare ne ke faɗa ba. Wani yakan kwanta shiru baki buɗe, sai mai tausayi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu ya ciro. Kada ku yi haka. Ku janye yara, ku sanar da lawan ko jauro da likitan dabbobi nan take.

Idan dole ta sa aka kashe irin wannan kare, kada a fasa kansa, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa a tabbatar da cutar. A Kamaru ana yin gwajin a LANAVET da ke Garwa da kuma Cibiyar Pasteur ta Yawunde, a Chadi kuwa a ɗakin gwajin dabbobi na Farca da ke Njamena. Kada a feɗe shi, kada a ci namansa, kada a sayar. Abin da likitan dabbobi bai ɗauka ba, a binne shi da zurfi.

Kwana goma na farko

Dabbar da aka ceto ba ta shiga cikin yara a ranar. A ɗaure ta a inuwa, nesa da wurin wasa da sauran karnuka, har kwana goma. Babban mutum ɗaya ne zai riƙa kula da ita.

Me ya sa kwana goma? Kare ko kyanwar da cutar ta riga ta kai miyaunta ba ta wuce kwana goma ba tare da ta nuna alamu ko ta mutu ba. Amma ku gane da kyau, kwana goma ba ya nuna cewa babu cutar kwance a jikinta. Idan wani kare ya cije ta a lokacin ambaliya, cutar tana iya fitowa bayan watanni. Shi ya sa dole likitan dabbobi ya gan ta, ya yi mata allura, ya ba da katin shaida. Idan akwai raunin cizo a jikinta, a nuna masa, shi zai faɗi abin da za a yi. Bayan nan ma a ci gaba da sa mata ido har wata shida.

Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai yawa lokaci ɗaya. A ba ta ruwa mai tsabta, da ɗan tuwo da romo kaɗan kaɗan, sau uku ko huɗu a rana. Kada a ba ta mushe. Idan ta natsu, a wanke mata laka da sabulu. A nemi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma wurin likitan dabbobi. Kada a fesa mata maganin ƙwarin auduga, kada a shafa mata baƙin mai don ƙaiƙayi. Kada kuma a ba ta maganin mutane: ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa. Mai kula da ita ya wanke hannu da sabulu kowane lokaci, ya binne kashinta. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata cuta a cikinsa da ke iya taɓa jaririn da ke ciki.

A nemi mai ita tukuna

Dabbar da ka tsinta ba taka ba ce, amana ce. Mai ita yana iya kasancewa a wani sansani, yana zaton ruwa ya tafi da ita. Tsohuwar da ta rasa ɗaki da tukwane, idan ta ga karenta da rai, wani abu na gidanta ne ya dawo.

A nan ikilisiya za ta iya taimakawa ƙwarai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sami littafi ɗaya a hannun mai bishara ko wani dattijo. A rubuta ranar da aka tsinci dabbar, da wurin, da launinta, mace ce ko namiji, da gidan da take yanzu. A yi sanarwa ranar Lahadi bayan sujada. A roƙi liman ya yi sanarwa ranar Juma'a. A gaya wa lawan, a kuma faɗa ranar kasuwa. Wanda ya zo ya ce tasa ce, a tambaye shi kamanninta kafin ya gan ta. Kare kuma ba ya ɓoye ubangidansa, da ya ji muryarsa kowa zai gani.

Idan makonni sun wuce ba wanda ya zo, ko mai ita ya ce ba shi da halin riƙe ta yanzu, sai a nema mata sabon gida. Ga abin da za a duba. Maigida da uwargida su yarda dukansu, kada a ba yaro shi kaɗai don ya yi kuka yana so. Gidan ya kasance yana da ɗan abin ba ta, da inuwa, da ruwa. A miƙa ta tare da katin allurarta, a gaya musu a sāke allurar kowace shekara. A faɗa musu gaskiyar inda aka same ta da halinta: idan tana kama kaji, a faɗa. A fi neman gida a cikin garin ko kusa, kada a ɗora ta a mota zuwa wata ƙasa. 'Yan kwikwiyo kuma su zauna da uwarsu har su kai wata biyu. A ƙarshe a yi alkawari a gaban shaidu cewa idan mai ita na farko ya bayyana, za a zauna a daidaita cikin salama.

Maganar kurkunu

Akwai wani dalili kuma da ya sa ba a kai karen bakin kogi nesa. Tsofaffinmu sun san kurkunu, tsutsar nan mai fitowa daga ƙafa ta hana mutum noma. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke fama da ita a duniya. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu. Saura ƙiris a gama da ita, amma ta sami mafaka a jikin karnuka. A Chadi, musamman a bakin kogin Shari, an ƙirga karnuka kusan 2,000 masu kurkunu a 2019. An kuma same ta a karnukan yankin Gere, kusa da Yagwa, a gefen Kamaru.

Kare yakan kamu da ita ta wurin shan ruwan tafki, ko cin ɗanyen hanjin kifi da kwaɗi. Bayan ambaliya kuwa kifi yakan yi yawa a kowane kududdufi. Tsutsar takan yi kamar shekara guda a jiki kafin ta fito, don haka karen da ake gani lafiya yau yana iya ɓata tafkin wani ƙauye baɗi. Ku binne hanjin kifi ko ku ƙone shi. Idan kun ga ƙurji a ƙafar kare, ko farin abu kamar zare yana fitowa, ku ɗaure shi kada ya shiga ruwa, ku sanar da asibiti mafi kusa a ranar.

Idan an yi cizo

Ko an yi hankali, cizo yakan faru. Ga abin yi, kuma kowa a gida ya haddace shi.

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Minti 15 yana da tsawo, kada a gaji. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari sosai. Idan akwai aidin, a shafa. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko gashin karen da aka ƙona. Kada a ɗaure wurin tamau.

Daga nan a taho asibiti a ranar. Kada a ce bari mu ga abin da karen zai yi cikin kwana goma. A fara allura, a kuma ɗaure karen ana kallonsa. Idan ya cika kwana goma lafiya, ma'aikacin asibiti ne zai ce ko a tsaya. Allurar ba ɗaya ba ce. Za a rubuta muku ranakun dawowa, kada ku tsallake ko ɗaya. Idan raunin mai zurfi ne, ko a fuska, ko a wuya, ko a yatsu, akwai wata allura dabam da ake yi a cikin raunin kansa. Mace mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Yakushi ma cizo ne a wurinmu, haka nan idan dabbar ta lashi gyambo ko ido ko baki.

Iyaye, ga roƙona gare ku. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka, tun ba ma idan an riga an hana shi wasa da karen. Ku gaya wa 'ya'yanku tun yau cewa wanda ya faɗi an cije shi ba za a doke shi ba. Ƙaramin rauni a yatsa da aka ɓoye ya fi babban rauni da aka kawo asibiti haɗari.

Kafin damina ta gaba

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ruwan Logon da Shari yakan kai iyakarsa ne a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Nuwamba, don haka akwai lokacin shiri.

A yi wa kare da kyanwa allura tun da rani, a ajiye katin tare da katin asibitin yara a cikin leda. A tanadi igiya da kwando mai murfi. Idan an yi shelar tashi tun ruwa bai iso ba, a tafi da su. Idan kuwa babu hali, a kwance su. Kada a bar dabba a ɗaure ko a kulle cikin ɗaki. Kare yana iyo, kyanwa tana hawan bishiya, amma wanda ke kan turke ba shi da mafita. Haka nan jaki da akuya. Kada kuma kowa ya koma cikin ruwa mai gudu don ɗauko dabba.

Shugabannin gari da na ikilisiya su ma suna da nasu shirin. Ba mu kaɗai muka taɓa fuskantar wannan ba. A 2005 guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans a Amurka. Mutane da yawa suka ƙi barin gidajensu domin an ce ba za a ɗauki dabbobinsu ba, wasu har suka rasa rayukansu, dubban dabbobi kuma aka bar su a baya. A 2006 ƙasar ta yi doka cewa shirin kwashe mutane lokacin bala'i dole ya haɗa da dabbobin gida. Mu ba sai mun jira doka ba. Duk inda aka san nan ne tudun da mutane ke gudu, a keɓe wani gefe mai inuwa, nesa da wurin girki da rijiya, a kafa turaku. A haƙa ramin zuba shara. A roƙi likitan dabbobi ya zo sansani da allura a makon farko.

Kirista da Musulmi duka mun san labarin Nuhu. Da Allah ya tsirar da shi daga ruwan tufana, bai tsirar da shi shi kaɗai ba, har da dabbobi ya sa a cikin jirgi. Waɗanda ke gidajenmu ma amana ce da ya sa a hannunmu. Wanda ya ciyar da karen da ya rasa gida, ya ɗaure shi kwana goma, ya kai shi allura, ya nema masa mai riƙo, ya ji ƙan dabba, ya kuma tsare ɗan maƙwabcinsa daga cutar da ba ta da magani.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Mai tambaya ya zo asibiti, ƙofa a buɗe take. Ubangiji ya kiyaye mu da iyalanmu da dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka.